Fashin Kwana Ɗaya

"Kwana ɗaya fa na ce! Ɗaya tak! Ce miki na yi ya yanke hannunsa ya ba ni?"

"Inna, wallahi ba zan faɗa masa ba."

"Lallai Auta! Yau ni kike duba tsabar idona ki ce ba za ki ba? Saurayi ya fi miki wanda kuka fito ciki ɗaya?"

Auta ta ci gaba da dirzar tukunya a tsakar gida kamar tukunyar ce ta yi mata laifi. Inna na tsaye a kanta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ludayi tana nuna ta da shi. Daga ɗakin Yaya kuwa babu abin da ke fitowa sai ƙarar wasan waya, alhali duk a kansa ake wannan ɗauki ba daɗi.

Ga yadda abin yake. Dogo, saurayin Auta, shekara biyu ke nan yana aiki ta hannun ejensi, wato ofishin nan da ke ɗaukar sunayen masu neman aiki ya riƙa ara wa kamfanoni su. Wata uku a kamfanin kwali, sati shida a na sabulu, yanzu wata shida a na robobi. Kullum da yamma saƙo zai shigo wayarsa: gobe ƙarfe shida, ka amsa cikin minti goma. In ka tsaya wanka ko ka shiga banɗaki ba waya, an ba wani. A cikin kamfanin ma ba a ɓoye bambanci: 'yan ejensi falmaran ruwan lemo, ma'aikatan dindindin shuɗiyar riga da suna a ɗinke a aljihu.

Ranar da Dogo ya fara zuwa gaida Baba, tsohon ya yi gyaran murya har sau biyu, ya ce, "Ehem, ehem. Yaro, ba ni da abin cewa a kan halinka. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Tsani ake arowa, da gatari. Ranar da kamfani ya ba ka takarda cewa kai nasa ne, ka zo da ita, a ranar zan sa muku rana."

Shi kuwa Yaya, ɗa namiji tilo a gidan, wanda Inna ke kira Babana, shekara biyar ya yi yana gadin katifa. Dogo ne ya ja shi zuwa ejensi, ya cike masa fom, ya ara masa takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Kuma tun ranar da aka tura su kamfanin robobi tare, kullum ƙarfe biyar na asuba Dogo na bakin tagarsa: ƙwan, ƙwan, ƙwan! "Yaya, tashi, bas za ta wuce!" Da wannan ƙwanƙwasar Yaya ya yi wata shida bai yi fashi ba.

To, sai kamfani ya ce zai tabbatar da mutum ɗaya a inji na huɗu, cikin waɗanda suka yi wata shida ba fashi. Su biyu ne kacal, Dogo da Yaya. Kowa kuma ya san wanda foman, wato mai kula da ma'aikata, ke so, don Dogo da jin kukan inji yake gane bokiti zai fito a karkace.

"Inna, ki duba fa," in ji Auta, ta ajiye soso. "Baba ya ce sai ya kawo takarda. Ke kin ce ya yi fashi ya bar wa Yaya takardar. To da wace ƙafa zai shigo gidan nan?"

"Babanki? Shekara talatin ina zaune da shi, ni na san lagonsa. Ke dai ki ce masa ya yi ciwon ciki ranar Laraba."

"Ba zan ce ba."

"Shi ke nan. Ai ina da ƙafa."

Tana da ita kuwa. Washegari da yamma, bas ɗin ma'aikata na tsayawa a bakin titi, Dogo ya sauko da ƙurar roba a gashin gira, sai ga Inna a gindin fitilar titi da gefen mayafi a ido. Matar da ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "ɗan aron nan", yau da ya durƙusa gaishe ta sai ta ce, "Tashi, ɗana, tashi."

Ta yi kuka. Ta ce Babana shi ne bangon gidan, in Baba ya faɗi wa zai riƙe su? Ta ce kai Allah ya ba ka hannu, ko'ina aka jefa ka za ka ci, shi kuwa wannan ce damarsa ta farko da ta ƙarshe. Ta ce, "Ka bar mini baban Auta. Wallahi kafin wata ya mutu an sa muku rana. Ko ba ka ɗauke ni uwa ba?"

Dogo maraya ne. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta kayar da shi.

Ranar Talata da yamma saƙo ya shigo, ya amsa kamar kullum. Ranar Laraba da asuba ya zo ya ƙwanƙwasa taga, ya tsaya har Yaya ya ɗaure takalmi, ya raka shi bakin titi, ya ga shigarsa bas. Direba ya riƙe masa ƙofa yana cewa, "Dogo, shigo mana!" Ya girgiza kai, ya juya gida a ƙafa, ya kashe waya.

Da la'asar Auta ta fito ta same shi a ƙofar gida ba falmaran, ta san an gama.

"Ka yi?"

"Inna ta yi kuka, Auta."

"Kuka! Ni za ka gaya wa kukan Inna? Ido ɗaya ke zubar da hawaye, ɗayan na leƙen ko ka karaya! Ni ka tambaye ni? Auren nan naka ne kai kaɗai da za ka ɗauka ka yi kyauta da shi?"

"Ta yi alkawari."

"Allah ya sa alkawarin na da aljihu da sunanka a ɗinke!" Ta shige gida ta rufe ɗaki, nan ta yi nata kukan, da ido biyu.

Ofishin ejensi na saman wani shagon takalma, ka hau bene mai duhu ka tarar da kujerun roba goma sha biyu da fanka mai kaɗa kai kamar tana cewa a'a. Madam mai ofis na zaune bayan tebur, waya a kowane kunne. Da Dogo ya shigo washegari, ko ɗago kai ba ta yi sosai ba.

"Kai ne na inji huɗu? Ka amsa, ba ka je ba. Ba ka kira ba. Halo, riƙe min, ina zuwa. Ka san abin da manajansu ya ce mini? Ka san da ƙyar na riƙe kwantiragin nan? Da ma ciwo ka yi ka kawo takardar asibiti. Kana da ita? Ba ka da ita. Sun ce kar in sake tura musu kai. Fayil ɗinka ya koma ƙasa. Na gaba!"

Ranar Juma'a Yaya ya shigo gida cikin shuɗiyar riga, yana tafiya kamar an ɗora masa tire a ka. "Famanent, Inna! Famanent!" Inna ta yi ta shafa aljihun nan mai suna, har maƙwabta ta kira su gani.

Bayan kwana goma Dogo ya sa rigarsa mai kyau ya zo gaida Baba. Inna na bayan labulen falo, ana ganin yatsun ƙafarta.

"Ehem, ehem. Ina takarda?"

Dogo ya dubi labule. Labule bai motsa ba. Can sai tari ya sarƙe Inna, ta tafi kicin shan ruwa, ruwan da ba ta gama sha ba har baƙo ya sa takalminsa ya fita.

Auta ta bi ta kicin. "Inna, ina lagon da kika sani?"

"Ke, kar ki ɗaga mini murya. Cewa na yi zan taɓa masa maganar, na kuwa taɓa, bai ji ba. Kuma ke ma ki yi tunani da kyau. Mutumin da za a ce masa ƙi zuwa aiki ya ƙi zuwa, wannan ne zai riƙe gida?"

Auta ta juya ta bar mata kicin ɗin. Daga nan ta wuce falo, ta durƙusa gaban Baba, ta kwashe labari kaf ta faɗa masa, tun daga tukunya har gindin fitilar titi. Har gefen mayafi ta kama ta kai ido, ta karya murya ta ce, "Tashi, ɗana, tashi," sak Inna, sai da Baba ya waiga ya ga ko matarsa ce ta shigo.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "An cuci yaron nan, a gidana aka cuce shi." Auta ta ɗago da sauri. "Amma maganata ɗaya ce. Tausayi ba ya ciyar da iyali. Ya kawo takarda."

Sati biyu Baba bai yi wa Inna magana ba sai "ruwa" da "buɗe ƙofa". Amma wannan bai sa wayar Dogo ta yi ƙara ba. Sati bakwai ba saƙo. Kullum da safe yana hawa benen nan ya zauna a kujerar roba, ya ga ana kiran waɗanda shi ya koya wa riƙe rezar gyaran bakin roba. Auta ta yi fushi da shi sati uku, daga baya ta fara fitowa ƙofar gida su zauna a dakali, wayar na ajiye a tsakaninsu kamar mara lafiya da ake jinya.

Ran nan Madam ta rufe bakin waya ɗaya da tafin hannu ta leƙo. "Akwai kamfanin narka ƙarfe a bayan gari. Mota biyu ake hawa. Na tura mutum huɗu, duk sun gudu kafin sati, sun ce zafi. Wa ke so?" Kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Dogo ya miƙe.

A can gida kuwa taga ta huta. Babu mai ƙwanƙwasa ta. Inna ta gwada kwana uku, amma da Yaya ya ce "Inna, minti biyar" sai ta gyara masa bargo. Ashe shuɗiyar rigar ma akwai wata uku na gwaji a jikinta. Takardar gargaɗi ta farko, ta biyu, a ta uku aka ce ya ajiye riga a wurin mai gadi. Gurbin inji na huɗu aka ba wani da ko sunansa ba su sani ba. Inna ta ce hassada ce, foman ne ba ya son Babana tun farko.

Wata tara Dogo ya yi a gaban wuta. Ya rame, ya yi baƙi, hannunsa na dama duk tabon tartsatsi. Ranar da ya shigo falon Baba da ambulan ɗin takardar kamfani, ko rigar kwalliya bai sa ba. Baba ya sa tabarau, ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya daɗe yana kallon hannun da ya miƙo ta. Gyaran muryar ma ranar sau ɗaya ya yi.

"Wata mai zuwa, ranar Asabar ta biyu. Allah ya yi maka albarka, yaro. Mu ne da kunya."

Haƙuri ya biya, ba a musu. Amma ya biya ne a makare, bayan ya cinye shekara guda da fatar hannu. Don haka ku ji, samari da 'yammata: a girmama surukai, a taimaki dangin masoyi, amma wanda ya ce ka sauko daga tsaninka don ka nuna masa so, ba riƙe maka tsanin zai yi ba. Ku kuma iyaye, abin da aka ƙwato wa ɗa daga bakin ɗan wani ba ya zama a ciki.

Baba ya ce a kira Inna. Ta shigo tana goge hannu, ta zauna a gefen kujera tana yi wa kowa murmushi. Auta ta dube ta, hawaye cike da idonta.

"Inna, ga shi nan a gabanki. Ko sau ɗaya ba za ki ce masa ya yi haƙuri ba?"

Inna ta dafa ƙirji, ta dubi Baba, ta dubi Dogo, ta dubi Auta.

"Haƙurin me? Yaron nan shekara biyu yana aiki ba wanda ya taɓa ba shi hutu. Ni ce na fara ba shi!"