Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Buɗuwa

Da yammaci aka bugo waya ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar mai shagon zanen allunan talla a bayan teburinsa, an rotsa masa kai da ƙarfen ɗora kyamara.

Kafin Sufeto ya iso, har Kofur ya garƙame ƙanin mamacin a sel, don maƙwabta sun ji su suna cacar baki da safe.

"Wa ya aike ka?" Sufeto ya daka masa tsawa. "Duk wanda ya yi faɗa da yayansa ya zama mai kisa?"

"Yallaɓai, gobe sai kotu kawai."

"Rufe min baki!"

Shagon ɗan ƙarami ne, yana warin tawada. Kwamfutar a kunne take, da zanen allon wata makaranta a fuskarta. A aljihun mamacin Sufeto ya sami waya cike da kiran da ba a ɗaga ba, duk daga lamba ɗaya: Mai Bugu, mutumin maɗaba'ar da ke buga musu aiki.

Ya sa aka kirawo Dogo, ma'aikacin da ke zane a shagon.

"Ina kake da rana?"

"Gida, Yallaɓai. Zazzaɓi ya kayar da ni tun hantsi."

"Wa ya tura aikin makarantar nan wajen bugu?"

"Oga na bar wa."

Sufeto ya koma ofis ya leƙa sel. Ƙanin mamacin ya taso, idanunsa jawur.

"Yayana aka kashe, ni kuma kuka kulle! Ko gawarsa ba ku bari na gani ba!"

"Amsa min dai. Yayanka ya iya aiki da manhajar gyaran hoto?"

"Ina fa! Shago ne nasa, hannu na Dogo ne. Shi duk abin da kwamfuta ta tambaye shi, danna mata 'to' yake yi."

Daga nan Sufeto ya wuce maɗaba'a. Mai Bugu na jin sunan shagon ya hau sababi.

"Mutanen nan sun ɓata min rana! Tun safe suka turo fayil mai nauyin tsiya, ya ƙi buɗuwa."

"Me ya sa?"

"Irin na masu zane ne, mai hawa-hawa: rubutu a nasa hawan, hoto a nasa. Injina bai san shi ba. Da rana na yi ta kiran Oga, shiru. Na kira Dogo na wanke shi tas. Ban gama huce haushi ba sai ga sabon fayil: an haɗe hawan, an sauya nau'in ajiya, nauyi ya ragu, hoto bai dusashe ba."

"Ana iya wannan a waya?"

"Waya? Sai dai ta ƙone. Dole a zauna gaban kwamfutar shagon."

Sufeto ya sa aka kawo Dogo ɗakin tambayoyi, ya buga tebur.

"Kana gida kwance, ko? To wa ya gyara fayil ɗin?"

"Oga ne…"

"Ogan da ya kasa ɗaga waya a aljihunsa? Ogan da 'to' kawai ya iya dannawa? Gawarsa na bayanka, Mai Bugu ya zage ka, ka ja kujera ka zauna kana rage nauyin hoto!"

Dogo ya sunkuyar da kai, can ya ɗago yana huci.

"Ka san abin da ya yi min? Wai kwamfuta ta cika. Ya bi zane-zanen da na tara tun shigata sana'ar nan, ya haɗe hawansu, ya matse su ƙanana, ya goge na asali! Na dawo da rana na tarar da shekaruna sun zama dishi-dishi. Na yi magana, ya ce ai hoto hoto ne. Har da dariya!"

"Shi ne ka ɗauki ƙarfe."

"Ban san na ɗauka ba."

"Amma ka san ka tsaya gyaran fayil."

"Aikina ne," Dogo ya ce a hankali. "Ba zan bari a buga shi a lalace ba."

Kofur ya ɗaura masa ankwa ya tasa ƙeyarsa. A bakin sel suka yi kiciɓis da ƙanin mamacin ana fito da shi. Ya zabura zai shaƙe Dogo, Sufeto ya riƙe shi gam.

"Bar mana shi. Jeka asibiti, yayanka na jiran mai karɓar sa."