Roja Ba Amsa Ba Ce

A motar Nguru zuwa Gashua suka fara haɗuwa, kuma abin kunya ne ya haɗa su. Suhaib na kujerar baya, ya toshe kunnuwa da waya, yana ta maimaita Turancin da matuƙa jirgin sama ke yi da hasumiyar filin jirgi. Bai san muryarsa ta cika motar ba, sai da wata budurwa a layin gaba ta juyo tana ɓoye dariya da gefen mayafi.

"Malam, jirgin nan naka tun daga Nguru yake neman izinin sauka. A ba shi mana ya huta."

Mardiyya ke nan, malamar Turanci a wata makarantar 'yan mata a Gashua. Shi kuwa ɗan gidan 'yan kasuwa ne a Nguru, ya samu gurbin koyon tuƙin jirgin fasinja yana shirin tafiya. Lissafi bai taɓa ba shi tsoro ba, Turancin rediyo ne ke sa shi zufa. Kafin su sauka ya roƙi lambarta, wai saboda karatu. Ita ma ta yi kamar ta yarda karatun ne.

Da ya isa makaranta abin ya fi yadda ya zata. Mai magana daga hasumiya na zubo kalmomi kamar ana juye gyaɗa a kwano, shi kuma harshensa na sa harafin "fa" inda ake neman "pa", 'yan aji su kwashe da dariya. Don haka kullum bayan la'asar sai ya kira ta. Ita ce hasumiya, shi ne jirgi. Daga nan sunayen suka liƙe: tana ce masa Kyaftin, yana ce mata Hasumiyata.

Wata rana ta ba shi umarni mai tsawo, ya ce, "Roja."

"A'a, Kyaftin. Littafin naku ma cewa ya yi roja na nufin na ji, shi ke nan. Ba e ba ce, ba alkawari ba ce. In maganar mai nauyi ce, maimaita ta za ka yi dukanta, mai faɗa ya tabbata ka ɗauka."

"To in na ce ina son ki fa?"

"Wannan sai na yi shawara kafin in maimaita," ta ce, muryarta cike da murmushi.

Mahaifinta, Alhaji Rabe dillalin busasshen kifi, bai so zancen ba. "Mutumin da wurin aikinsa ke cikin gajimare, in an yi haihuwa ina za a aika a kira shi?" Ya fi son Ibram, mai noman shinkafa a Dagona, wanda ƙafarsa ke ƙasa. Mardiyya ba ta yi masa musu ba. Lallaɓa shi ta dinga yi, yau da gobe, har ya sauko. Ranar ta turo saƙo:

"Kyaftin ɗina, Baba ya amince. Ya ce ka turo magabatanka kafin azumi, yana so ya gan su da idonsa. Jikinsa ba daɗi kwanan nan. Don Allah kada ka yi wasa. Hasumiyarka."

A bakin ɗakin jarrabawar rediyo saƙon ya same shi, jarrabawar da ya riga ya faɗi sau ɗaya. A gurguje ya rubuta, "Roja," ya shiga. Ya sake faɗuwa.

A nan Suhaib ya yi wautar da har gobe yake cizon yatsa a kanta. Kunya ta rufe shi. Da wane ido zai tura manya neman aure, alhali ana iya sallamarsa daga makaranta? Ya ce bari ya ci tukuna, sai ya kira ta da albishir biyu. Ita kuma da ta koya masa ma'anar kalmar da bakinta, ta karanta ta yadda take: ya ji, bai ɗauka ba. Zuciya ta hana ta sake tambaya.

Azumi ya zo ya wuce. Bayan salla ya ci jarrabawar, ya kira ta yana haki don murna. Ya ji hayaniyar mutane a bayanta.

"Baba ya rasu shekaranjiya," ta ce.

Ya je gaisuwa, bai iya ɗaga ido ba. Sai bayan sadakar arba'in ya koma Gashua, suka zauna a zauren gidan. A kusurwa akwai wata sabuwar tabarma a naɗe.

"Ta baƙinka ce," in ji Mardiyya. "Duk Juma'a sai Baba ya sa a share zauren nan, ya fito ya zauna da ƙyar. Ibram ya dawo, Baba ya ce masa ya riga ya ba wani magana."

"Faɗuwa na yi, Mardiyya. Kunya na ji."

"Kunyata? Ni da na san duk harafin da ke kayar da kai? Da ka faɗa mini, da shi kansa Baba ya yi maka addu'a." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Sannan ya ce, "Hasumiyata, ki sake faɗa. Sau ɗaya kawai."

Ta dube shi har ya fara fid da rai.

"Ka turo magabatanka wurin Baffa Alamin ranar Juma'a."

"Zan turo magabatana wurin Baffa Alamin ranar Juma'a."

"Daidai," ta ce a hankali.

A kan tabarmar nan aka ɗaura aurensu. Baffa Alamin, ƙanen marigayin, shi ya warware ta da hannunsa, ya ce alkawarin yayansa yake cikawa. Ana shafa fatiha, abokai na ta murna, Suhaib kuwa gefen tabarmar yake kallo, inda ya kamata tsohon ya zauna.

Allah ya jiƙan Alhaji Rabe, ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Tun daga ranar, ko gishiri Mardiyya ta ce ya sayo, sai ya maimaita mata kafin ya fita.