Hancin Rijiyar Gidan Osanai

A garinmu na bakin teku, can arewacin lardin Aomori, kafin dusar ƙanƙara ta sauko a fara watsa gishiri a tituna, duk mai mota sai ya sa an shafe ƙarƙashinta da baƙin fenti mai kauri kamar kwalta. Wanda ya yi sakaci, kafin sanyi ya wuce tsatsa ta ci masa ƙarfe.

Osanai Genzo, manomin tuffa, bai taɓa yin wannan aiki da hannunsa ba. Matarsa Tomie ce ke kai akori-kurarsu gareji kowace shekara, don motarta ce. Ta rasu a watan huɗu. Tun daga ranar Genzo ya ɗauke motar daga bakin titi inda ta saba ajiye ta, ya shigar da ita bayan gida, ya hana kowa taɓa ta. Kujerar tana nan yadda marigayiyar ta ja ta gaba saboda gajerun ƙafafunta. Haka yake tuƙi, gwiwoyinsa na dukan sitiyari.

Wata ranar Laraba da la'asar sakaliya ya ɗaga motar da jak, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine yana kankare tsatsa da buroshin ƙarfe. Ya tarar wuri ɗaya ya fi ko'ina ruɓewa. Da ya duba ƙasa daidai wurin, sai ya ga guntuwar gora ta fito daga ƙasa kamar tsawon yatsa, danshi na fitowa daga bakinta. Ya san ko mece ce. Kowa a garin ya sani: in an cike tsohuwar rijiya, ana barin gora domin aljanin rijiyar ya riƙa numfashi. Genzo ya yi tsaki, ya tsoma tsumma a fenti, ya cusa a bakin gorar, ya bi da sauran fentin ya liƙe.

'Yarsa Chizuru, wadda ta bar aikinta a birni don jinyar uwarta, tana tsaye a ƙofar kicin.

"Baba, abinci ya huce."

"Ya huce ɗin."

"Me ka zuba a wurin nan? Inna ba ta taɓa ajiye mota a nan ba."

"Innarki ta mutu. Ki ƙyale ni da abin da ta bar mini."

"Ni ma ai ita ta bar maka."

Ya ci gaba da kankare tsatsa. Rana ta ƙarasa faɗawa cikin teku, hankaki suka yi shiru. Daga nan dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano.

Ƙaramin dutse ne mai santsi, jiƙe, da gansakuka a jikinsa, ga sanyi kamar an ciro shi daga ƙasan ruwa. Washegari da almuru duwatsu bakwai suka faɗo. Rana ta uku ruwan famfo ya soma warin kwalta, kuma daga ƙarƙashin daɓen ɗaki ana jin wani abu yana jan numfashi da ƙyar, ya tsaya, ya sake ja. Uba da 'ya suka ci abinci ba mai duban wani.

Rana ta biyar kwanon miya ya suɓuce daga hannun Chizuru. Ta dafe wuya, bakinta a buɗe, iska ta ƙi shiga. A asibiti suka duba ƙirji suka ce lafiya lau. Da rana haka ne, lafiya lau. Amma da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai leɓunanta su yi baƙi, kuma kullum abin yana daɗa tsawo. Genzo ya je da filaya zai ciro tsumman, ya tarar fentin ya daskare, gorar ta tarwatse a hannunsa, ƙasa ta rufta ta cike ramin.

Dole ya je ya ɗauko Iya Matsue, tsohuwar makauniya mai magana da aljanu, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana karatu a wurin ibada na kan dutse. Tana shiga gidan ta tsaya, ta shaƙi iska.

"Wane wawa ne ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Iya."

"Da furfurarka?"

Ta sa aka zuba gishiri a kusurwa huɗu na ɗakin, ta zauna gaban Chizuru, ta shiga murza dogon carbinta tana karatu. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Chizuru ta miƙe zaune a hankali, gashinta na ɗigar da ruwan da ba wanda ya zuba mata. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai amsa kuwwa.

"Ke makauniya, ba da ke nake ba. Ina mai fentin?"

"Da ni za ka yi magana," in ji Iya Matsue. "Wane ne kai?"

"Ni na shayar da kakannin kakanninsa. Suka binne ni, na yi shiru, don sun bar mini hanci. Marigayiyar matarsa takan zuba mini giyar shinkafa duk farkon wata. Shi kuwa ya kifa mini ƙarfe a fuska, ya toshe ni. To ina numfashi da ƙirjin 'yarsa. Ƙirji ɗaya ba ya isar mutum biyu."

"Za a kafa maka sabuwar gora."

"Ba na zaman gidan nan kuma. Wari yake."

"To ka fita ka tafi."

"Da wace ƙafa? A ɗebi ƙasata a zuba a bayan motar, a kai ni inda kogi ke shiga teku. A bar motar a can, iskar gishiri ta ci ta ina kallo. In ya ƙi, ya riƙe ƙarfensa, ni in riƙe yarinyar."

Iya Matsue ta juya fuska wajen Genzo. "Ka ji. Ka ba da motar?"

Genzo ya ce, "Zan sayo wata. Sabuwa ma."

Abin ya yi dariya da bakin Chizuru, dutse ya faɗo a kan rufin kwano. "Wadda ka shafe nake so."

"Ka ba da motar?" Iya Matsue ta sake tambayarsa.

Ya dubi taga. Can cikin duhun almuru yana hango farar motar, da hular aikin Tomie rataye a madubi. Chizuru ta faɗi gefe, ƙafafunta na shure-shure a kan tabarma.

"Genzo! Don uwarka, ka ba da motar?"

"Na bayar."

Iska ta shiga ƙirjin yarinyar da ƙara kamar an cire marfin tulu.

Da safe ya haƙa wurin, ya cika bokiti uku da baƙar ƙasa, ya ɗora a bayan motar. Ba nauyin kirki, amma tayoyin baya suka lotsa. Chizuru ta zauna a gefensa har bakin kogi. Ya tsayar da motar a kan yashi, fuskarta na duban teku, ya bar makulli a jiki. Wani sanyi ya ratsa tsakaninsu ya gangara ruwa.

Suka kamo hanyar gida a ƙafa. Ya miƙa hannu zai gyara mata mayafin wuya, ta kauce.

"Ina jin komai jiya, Baba," ta ce. "Sau uku aka tambaye ka."

Ta wuce gaba, tana numfashi sosai, ba ta waiwayo ba.