Ranar da Auta Ta Ce Baba Ba Ya Gida

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida ana kiranta Auta, don ita ce ƙarama. Yayyenta suna makarantar kwana. Mamanta tana da shagon littattafai a kasuwa. Babanta kuwa likita ne a babban asibitin gwamnati.

'Yan ajinsu sukan ce mata, "Kin ji daɗi, babanki likita ne."

Sai ta taɓe baki ta ce, "Wane daɗi? Kafin in tashi ya fita. Kafin ya dawo na yi barci."

Gaskiya ta faɗa. Har keken da Baba ya saya mata ya yi ƙura a bayan ɗaki. Kullum ta ce ya koya mata, sai ya ce, "Sai na samu sarari, Auta."

Wata ranar Asabar da safe, Auta ta fito falo. Sai ta ga Baba zaune da kayan gida, yana shan shayi.

"Baba, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata lau," in ji shi. "Muna yajin aiki ne."

"Yaji? Irin na miya?"

Mama ta yi dariya har gyalenta ya zame.

Baba ya ce, "Yajin aiki shi ne ma'aikata su ajiye aiki don a ji kukansu. Mun yi kaɗan a asibiti. Wasu sun tsufa sun bar aiki. Wasu sun tafi wasu ƙasashe. Gwamnati kuma ba ta ɗauki sababbi ba. Mun roƙa, mun yi taro, shiru."

Ya ci gaba da bayani, amma Auta ba ta saurara ba. Abu ɗaya kawai ya shiga kunnenta. Baba yana gida.

Da Mama ta tafi shago, Baba ya fito da keken. Ya goge shi tas. Ya taɓa taya ya ce, "Ba iska. Bari in nemo famfo a ɗakin ajiya." Ya nufi can.

Auta tana tsaye tana murna sai aka buga ƙofa.

Ta buɗe kaɗan ta leƙa. Maƙwabciyarsu ce, Gwaggo Mai Ɗinki. Tana goye da ƙaramin ɗanta, wanda ake kira Sarkin Surutu. Yaron ba ya gajiya da magana, ko akuya ya gani sai ya gaishe ta. Amma yau ya kwantar da kai a bayan uwarsa, bai ce komai ba.

"Auta, Likita yana ciki?" in ji Gwaggo. "Tun asuba yaron nan yake amai da gudawa. Na ji an ce asibiti ba likitoci."

Auta ta waiwaya ta dubi keken. Ta san halin Baba. In ya fita duba mara lafiya, shi ke nan, yau ta wuce.

"Ba ya nan," ta ce. "Ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

"Ban sani ba. Kuma ai yajin aiki suke yi. Ba ya duba kowa."

Gwaggo ta gyara goyonta. "To, Allah ya kyauta," ta ce. Ta juya a hankali.

Auta ta rufe ƙofa. Ta ce a ranta, "Ai ciwon ciki ne kawai. Zai warke."

Baba ya dawo da famfo. "Kamar na ji ƙofa?"

"Yara ne," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Ranar ta koyi keke. Baba ya riƙe mata baya, yana bin ta da gudu a tsakar gida. Ta faɗi, ta tashi, ta sake hawa. Daga baya ta tuƙa ita kaɗai har bakin famfon ruwa. Baba ya tafa mata. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai cikinta ba. Da rana ta kasa cin abinci sosai.

Da yamma, suna zaune a inuwa, sai suka ji kuka ta bayan katanga. Muryar Gwaggo ce, tana kiran ɗanta tana sake kira.

Baba ya miƙe ko takalmi bai sa daidai ba. Auta ta bi shi.

Suka tarar da yaron kwance a tabarma kusa da keken ɗinki. Idanunsa sun faɗa. Leɓɓansa sun bushe. Baba ya durƙusa ya taɓa wuyansa. Ya ɗan ja fatar cikinsa ya saki. Fatar ba ta koma da sauri ba.

"Ruwan jikinsa ya ƙare," in ji Baba. "Me ya sa ba ki kira ni ba, maƙwabciya?"

"Na zo tun da safe, Likita. Aka ce ka fita. Aka ce ba ka duba kowa. Sai na sayo magani a kanti."

"Wa ya ce?"

Gwaggo ta dubi Auta.

Baba ma ya dube ta. Bai yi faɗa ba. Auta ta ji da ma ya yi faɗan.

"Ɗauko mini makullin mota," ya ce. "Ki shigo mu tafi. Ba zan bar ki ke kaɗai a gida ba."

A hanya Gwaggo ta ce, "Ina za mu, Likita, tunda ba kowa a asibitin?"

"Ɗakin gaggawa a buɗe yake," in ji Baba. "Mun bar wasu a can suna karɓar waɗanda ba za su iya jira ba. Da na gan ki da safe, da na gaya miki."

Auta ta ƙara sunkuyar da kai.

Ba ta taɓa shiga wurin aikin Baba ba. Ta ɗauka wuri ne mai shiru. Sai ta ga mutane cike da benci. Wasu suna zaune a ƙasa, sun jingina da bango. Wata mata tana yi wa mijinta fifita da kwali. A cikin ɗakin kuwa, likita ɗaya ce tsohuwa, da nas biyu. Suna ta kai da kawowa tsakanin gadaje.

Wata nas ta hango Baba ɗauke da yaro. Ta jawo gado da sauri tana cewa, "Likita, yajin naka ya huce ne?"

"Yana nan da zafinsa," in ji Baba. "Amma wannan ba zai jira gwamnati ba. Kawo ƙarin ruwa."

Ya wanke hannu. Suka shiga neman jijiya a hannun yaron. Auta ta ga an soka allura an cire, an sake sokawa. Yaron ko motsi bai yi ba. Nas ta ja labule.

Auta ta zauna a ƙarshen benci kusa da Gwaggo. Hawaye suka zubo mata.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "Baba yana gida lokacin da kika zo. Ƙarya na yi. Ina so ya koya mini keke ne."

"Na sani," in ji Gwaggo. "Na ga motarsa ta ƙasan ƙofa."

"To me ya sa kika tafi?"

"Na ɗauka shi ya aiko ki. Na ji kunya in matsa."

Wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo. Ashe ba yaron kawai ta cuta ba. Ta sa an ɗauki babanta mara tausayi.

"Ki yafe mini, Gwaggo."

Gwaggo tana kallon labule. "Ba yanzu ba, Auta. Bari in ga ɗana tukuna."

Suka yi ta jira. Can sai Baba ya ɗaga labule.

"Ruwa ya shiga," ya ce. "Ya buɗe ido. Zo ki gan shi."

Gwaggo ta shiga da sauri. Auta ta tsaya a bakin labule. Sai ta ji wata 'yar siririyar murya tana cewa, "Mama, wa ya rataya leda a kaina?"

Nas ta yi dariya. Gwaggo tana dariya tana share hawaye.

Da ta natsu, ta dubi Baba ta ce, "Na gode, Likita. Amma zan faɗi gaskiya. Ku da gwamnati kuna jan igiya, mu ne a tsakiya. Dubi mutanen nan a benci."

"Gaskiya kika faɗa," in ji Baba. "Ni ma ba na barci da daɗi. Amma ko ba yaji, haka bencin nan yake cika. Likita in ya gaji, idonsa yana iya tsallake abu. Shi nake tsoro."

Ya duba wasu marasa lafiya, ya taimaka wa tsohuwar likitar. Sannan ya kai Auta gida kafin duhu.

A mota ya ce, "Me ya sa, Auta?"

"Kullum kana tare da 'ya'yan wasu," ta ce cikin kuka. "Yau ɗaya na same ka."

Baba ya tsayar da mota a gefen titi.

"Kina da gaskiya a nan," ya ce. "Ina barin ki da yawa. Yana cikin abin da ya sa muke neman a ƙaro likitoci. Amma da kin faɗa mini, da na haɗa masa ruwan gishiri da sukari tun da safe. Da wataƙila ko asibiti ba mu zo ba. Keke zai jira gobe. Mara lafiya ba ya jira."

"Na gane, Baba."

"Ba ke za ki zaɓi wanda zan gani ba. Naki shi ne ki faɗi gaskiya."

Da Mama ta ji labari, ta ce, "Baki ya yi ɓarna, sai hannu ya gyara." Ta sa aka mayar da keken bayan ɗaki. Ta ce kullum Auta ta taso daga makaranta, za ta je ta taya Gwaggo aiki har yaron ya warke sarai.

Haka aka yi. Da aka sallamo Sarkin Surutu, Auta ta riƙa zuwa. Tana share ƙyallaye. Tana ɗebo ruwa. Tana ba yaron ruwan gishiri da sukari da cokali. Da farko Gwaggo ba ta ce mata komai, sai "ajiye can" da "kawo nan". Auta ba ta yi fushi ba. Ta ci gaba da zuwa.

Wata rana suna aiki, rediyon Gwaggo yana kan taga. Sai mai labarai ya ce an sasanta. Gwamnati ta yarda za ta ɗauki sababbin likitoci da nas-nas. Likitoci za su koma aiki.

Gwaggo ta tsayar da keken ɗinki. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Saura cika alkawari."

Ba a cika shi duka lokaci ɗaya ba. Amma bayan 'yan watanni, sababbin likitoci suka fara zuwa. Layin asibiti ya ragu. Baba ya fara dawowa gida da sauran rana.

Wata yamma ya shigo gidan Gwaggo da farin yadi a hannu.

"Maƙwabciya, ga aiki. Sababbin likitocinmu suna son fararen riguna. Na ce musu na san gwana."

Gwaggo ta shafa yadin tana murmushi. Ta juya ta kira Auta, wadda har yanzu takan leƙo ko da ba a aike ta ba.

"Zo nan, 'yata. Ni zan ɗinka, ke za ki sa maɓallai."

Auta ta tsaya. Tun ranar asibiti Gwaggo ba ta kira ta 'yata ba.

"Kin yafe mini, Gwaggo?"

"Na yafe tuntuni. Ina so ne in ga ko kin gane. Kin kuwa gane." Ta miƙa mata allura da zare.

Sarkin Surutu ya yafa gefen yadin a kafaɗa. Ya ce shi ne babban likita. Ya umarci Baba ya buɗe baki ya ce "aa". Baba ya buɗe. Kowa ya yi dariya.

Auta ta zauna ta gwada ɗinka maɓalli na farko a jikin wani ƙyalle. Ya ɗan karkace. Ta farke, ta sake, har ya zauna daidai.

Daga ranar Auta ta riƙe darasinta. Son kai yana sa mutum ya yi ƙarya, ƙarya kuma tana iya jefa ran wani cikin haɗari. In wani ya zo neman taimako, a faɗa masa gaskiya, a kuma yi sauri. In kuma ka yi kuskure, ka amsa laifinka, ka gyara da hannunka.