Ankon Lydia

"Wannan kalar kuma daga ina?" Damaris ta tambaya, tana ɗaga kwalbar tana hasko ta da rana.

Ernest ya tsuguna bakin lambatun da ke kwaso ruwan wata masaƙa a Kakuri ya zuba a kogin Kaduna, ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Shekara biyu ƙungiyarsu ta ɗalibai tana ɗibar ruwan nan duk Asabar. Sun ga ja, sun ga shuɗi, sun ga baƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma shunayya sai yau.

Lydia ce ta kafa ƙungiyar, aminiyar Damaris tun firamare, yarinya mai shegen son sani, wadda ko kifi ta gani a mace sai ta ji dalili. Wata biyu ke nan da haɗarin mota ya yi ajalinta a Kakau. Tun daga ranar Damaris ba ta ƙara taka wurin nan ba, don komai na wurin Lydia yake tuna mata. Da ƙyar Ernest ya lallaɓo ta. Sojoji sun koma bariki, an rantsar da 'yan majalisa, yanzu ɗalibi na iya kai kuka ba tare da ya sha barkonon tsohuwa ba. Ranar Laraba, bayan addu'ar tunawa da Lydia a coci, za su kai kwalabensu majalisar jiha, kuma Damaris aka zaɓa ta karanta takardar.

Sai dai Baba Jonathan, mahaifinta, shekararsa ashirin da biyu a sashen rini na wannan masaƙa. Ya kuma faɗa mata ba da wasa ba, Ernest, yaron da ke neman a rufe inda shi Baba yake ci da iyali, kada ya kuskura ya turo manyansa neman aure.

"Damaris, kin san ba rufewa muke nema ba... gyara kawai," in ji Ernest.

"Je ka faɗa masa mana."

"Ina son ki kamar raina, amma Babanki kam tsoronsa nake ji."

Ta yi ɗan murmushi, hankalinta kuwa yana kan kwalbar. Halin Lydia ne ya taso mata, ta ji ba za ta samu sukuni ba sai ta san abin da aka rina.

Da yamma ta tarar da Baba a tsakar gida yana cin tuwo da hannun nan nasa da rini ya kama har ƙarƙashin farce. Ta ajiye kwalbar kusa da kwanon, ta tambaye shi a hankali, tana jiran faɗa. Bai yi faɗan ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya wanke hannu ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙyalle mai launin shunayya a ninke ya shimfiɗa mata a cinya.

Fuskar Lydia ce, tana dariya a tsakiyar zanen furanni.

Ankon addu'ar ne. Ɗalibai da zumuntar mata da mutanen ƙauyen su Lydia suka haɗu suka ba wani dillalin atamfa aikin, ba wanda ya tambayi inda za a buga. Launin kuwa Damaris ce ta zaɓa da bakinta, saboda shi marigayiyar ta fi so.

"Da na ga hotonta a kan tebur, na ce ba mai haɗa rinin nan sai ni," in ji Baba. "Yarinyar da ta ci tuwo a kwanon nan... Sau uku ina zubarwa, don launin bai yi mini yadda ya dace da ita ba."

Nan Damaris ta fashe da kukan da ta kasa yi ranar jana'iza. Kunya da kewa suka haɗe mata. Su da suke yawo da kwalabe suna nuna wa mutane yatsa, su ne suka rina kogin da sunan Lydia! Baba ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta tambaye shi ko babu inda ake tace ruwan, ya ce tankin ya lalace shekara shida ke nan, ya yi magana har ya gaji, ya ja bakinsa ya yi shiru saboda ita da ƙannenta.

Ranar Laraba coci ya cika da shunayya. Da aka tashi, wasu 'yan ƙungiya suka ba da shawarar a ɓoye kwalbar ƙarshe, don in 'yan majalisa suka haɗa ta da kayan jikinsu za a yi musu dariya. Damaris ta ce ita za ta fara ajiyewa a gabansu, kuma da bakinta za ta faɗi masu laifin. Ta san me hakan zai jawo mata a gida. Ernest ya riƙe hannunta.

Suna shiga bas sai ga Baba Jonathan a ƙofa, cikin rigar ankon da ta ɗan matse shi. Ernest ya miƙe har yana buga kai da rufin mota.

"Kai, ka san sunan magungunan da ke cikin ruwan nan?"

"A'a, Baba."

"To matsa mini. Za ka kai ƙara ba ka san abin da kake ƙara a kai ba."

Damaris ta kama hannun rigarsa. "Baba, aikinka fa..."

Bai kalle ta ba, ya zauna ya gyara hularsa, ya juya ga Ernest.

"Ka ce wa manyanka su zo duk ranar da suka ga dama. Daga gobe dai ina jin kullum za su same ni a gida."