Rigar Sanyin Baba

"Yau fa sai ka gaya mata, Dogo! Wallahi ni na gaji!"

Uwar Biyu ce ke magana ƙasa-ƙasa a kicin, wuƙar yanka burodi a hannunta. Dogo ya waiga ya dubi ƙofar banɗaki. Ruwa na ta zuba, matarsa na ciki tana 'yar waƙarta.

"Ki rage murya, don Allah..."

"In rage me? Na taso tun daga gida da ta'aziyya a bakina, ka mai da ni 'yar yawon buɗe ido! Jiya a kwalekwale sai da na ce mata iska ce ta sa idona hawaye."

"Yau zan faɗa mata. A kan dutsen da za mu hau."

"Haka ka ce a bakin tafki. Haka ka ce a gidan namun daji. Barin kashi a ciki fa ba ya maganin yunwa."

Dogo ya sunkuyar da kai. Allah ya yi shi da tsawo, amma wajen rabon ƙarfin zuciya kamar ba ya nan.

Baba, mahaifin matarsa, ne ya rasu, ana gab da jarrabawarta ta ƙarshe, wadda za ta ba ta damar aikin likita a wannan ƙasar waje da suke zaune. Surukarsa, Umma, ta kira shi tana kuka, ta ce, "Amana na ba ka, ɗana. Kada ta ji sai ta gama, sai aminiyarta ta zo, ta sami macen da za ta riƙe ta." Ya ce to. Me kuwa zai ce?

Jarrabawa ta wuce, matarsa ta ci, kowa ya koma kiran ta Likita. Aminiyar tata Uwar Biyu da mijinta Lauya suka sauka da sunan taya murna, na mako guda. Uzuri ya ƙare, sai tsoro ya gaji wurinsa.

Ita kuwa Likita tun kafin su iso ta tsara komai, ta ari takalman hawan dutse, ta ba baƙi ɗakinsu, ita da Dogo suka koma katifa a falo. Rabonsa da ya ga tana dariya irin wannan har ya manta. Duk sanda ya buɗe baki, sai ya ga hasken fuskarta, ya ce a ransa gobe ma rana ce.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bidiyon da take ɗaukar wa Baba. Baba malamin makaranta ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana duwatsu da koguna a allo, bai taɓa taka ko ɗaya a wata ƙasa ba. Don haka ko ina suka je sai ta ɗaga waya. Tunda an ce mata wayar Baba ta faɗa ruwa, sai ta tura wa Umma, ita kuma ta amsa da, "Ya gani, yana sa miki albarka."

A bakin tafki ma sai da ta jawo hannunsa.

"Yallaɓaina, zo ka gaida Baba mana!"

Ya matso, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Lauya ya juya baya kamar yana kallon agwagi.

Da hantsi suka fara hawan dutsen. Hanya ce siririya, ga tsakuwa, ga itatuwa masu tsini ta ko ina. Likita ce a gaba da sandarta, tana tsokanar kowa.

"Lauya, yau bakinka ya mutu? Ko sai a kotu yake aiki?"

"Numfashin ma da ƙyar nake samu, ranki ya daɗe."

"Ke kuma Uwar Biyu, me kika cusa a jakar nan haka? Ko 'yan biyun kika goyo a ɓoye?"

Uwar Biyu ta yi yaƙe, ta ƙara ƙanƙame jakar. Dogo ya san abin da ke ciki. Rigar sanyin Baba ce, wadda Likita ta aika masa bara. Umma ta bayar, ta ce a miƙa mata bayan ta ji. Tunda ya yi alkawarin yau, Uwar Biyu ta ɗauko ta.

A can ƙoli duniya ta buɗe. Ga tafkin da suka shiga jiya ya koma kamar faranti, ga gizagizai kusa da kai. Lauya ya ja matarsa gefe, suka ba su wuri.

Dogo ya kama hannun Likita.

"Hasken idona... akwai maganar da nake son mu yi."

"Ina jin ka, abin ƙaunata." Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. "Amma bari in riga ka. Na yanke shawara, hutun gaba Baba za mu kawo. Ko a goye ne sai ka hau da shi nan. Ka yarda?"

Ya dube ta. Ya dubi tafkin.

"Na yarda," in ji shi.

"To mece ce taka maganar?"

"Ba komai... so nake in ce ina son ki."

Ko rufe baki bai yi ba iska ta taso, yayyafi mai sanyin ƙanƙara ya biyo baya. Suka ruga ƙarƙashin wata rumfar katako da aka yi wa masu hawa. Uwar Biyu ba ta saba da sanyi ba, haƙoranta sai haɗuwa suke. Likita ta fizge jakar daga kafaɗarta.

"Kawo, dole akwai abin rufa a wannan uban kaya!"

"A'a! Bar shi, ƙawata, bar..."

Ta riga ta zuge.

Ruwan ƙasa ce rigar, mai kauri, ga ƙunar dutsen guga a bakin hannun dama. Ƙamshin turarensa ya cika rumfar. Likita ta tsaya riƙe da ita, har da sauran murmushi a fuskarta.

"Wannan ai rigar Baba ce. Me ya kawo ta nan? Shi da ko masallaci ba ya zuwa sai da ita..."

Ta sa hannu a aljihu, ta zaro tabaransa na karatu, wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Lauya.

Ba ta yi ihu ba. Sai ta sulale ta zauna a jiƙaƙƙen katako. Uwar Biyu ta rungume ta tana kuka mai sauti.

"Yaushe?" in ji Likita.

Dogo ya durƙusa a gabanta. "Kafin jarrabawarki. Umma ce ta ce..."

"Jarrabawa ta wuce tuni."

"Na kasa ne, wallahi na kasa! Na ga kina farin ciki..."

"Farin ciki?" Ta ɗago, idanunta jawur. "Ka bar ni ina dariya, ubana yana ƙasa! Ko addu'a ɗaya ban yi masa ba! Umma tana da uzuri, mijinta ta rasa. Kai fa? A filo ɗaya muke kwana!"

"Ki yafe mini, zuciyata..."

"Ka gaishe shi, Dogo. Da bakinka ka tambaye shi ya jiki. Yanzun nan ka ce za ka goyo shi."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiransa Dogo ba, sai yau. Ya ji sunan ya fi sanyin dutsen ratsa shi.

Ita ta sa rigar, ita ta fara sauka. Ya miƙa mata hannu a wurin santsi, ta dafa sanda.

Ranar komawar baƙi, akwati uku ya sa a bayan mota maimakon biyu. Na ukun na Likita ne, za ta bi su gida. Bai hana ta ba, da wane bakin? A filin jirgi Lauya da matarsa suka yi gaba, suka bar su tsaye kusa da layin awon kaya. Rigar ta yi mata yawa, hannuwan sun rufe yatsunta.

"Za ki dawo?" ya tambaya.

"Ban sani ba."

"Ina son ki. Wannan kam ba ƙarya ba ce."

"Na sani. Ni ma ina son ka, shi ya sa abin ya fi ciwo." Hawaye suka gangaro mata. "Amma gaya mini... in na kira ka daga can, na ce ya kake, ka ce lafiya lau, ta yaya zan yarda?"

Ya dubi ƙasa. Ta jira shi kaɗan, sannan ta ja akwatinta ta shiga layi.