Sai Gobe a Ramin Alli

Malama Tabawa ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganinsa ba. Haka Yaya Kuluwa ta soma ba ƙannenta labarin, murya ƙasa-ƙasa.

Baƙuwa ce a ƙauyen, ba dangi, ba ƙawa. Alli ya ƙare a makarantarsu, sai ta gangara tsohon ramin alli da aka daina haƙa. Rana ta yi ja. Ramin fari fat, tsit.

Wani saurayi na zaune a gindin gangaren. Ta yi sallama, ya amsa. Muryarsa kamar daga cikin randa.

"Malama, fasa wannan."

Ta fasa. Ga katantanwa a ciki, ta zama dutse.

"Teku ne a nan, tun ba mutane," ya ce. "Allin nan duk ɓawon halittun ruwa ne, sun mutu sun kwanta bisa juna. Ruwan ya janye. 'Yan'uwana suka bi shi. Ni na makara."

Sai ta dubi ƙafafunsa. Tsakiyar bazara, ƙasa a bushe, amma ruwa na tsatsowa daga yatsunsa.

Ta ja da baya. Baki ya faɗi abin da ya saba: "To, sai gobe."

"Na ji," ya ce.

Yaya Kuluwa ta dubi yaran. "Mu a wurinmu bankwana ne. Su a wurinsu alkawari ne. Shi ya sa ba a bin hanyar nan mutum shi kaɗai."

Daga ranar, da rana ta yi ja, sai ƙafafunta su kai ta ramin. In za ta tafi, ba abin da ke fita bakinta sai "sai gobe". Ta rame. Dugaduganta suka yi fari, suna zubar da gari.

Ran nan hadari ya haɗo. In aka yi ruwa, ramin kan cika har baki.

"Yau tekun zai dawo," ya ce. "Zauna."

Wallahi ta so ta zauna. Duk garin shi kaɗai ke tambayarta yadda ta wuni. Ruwa ya sauko, ya kawo mata idon sawu. Ta ji kalmar nan tana hawowa, ta ciji harshe.

"Ba gobe ba," ta ce. "Ba kuma ni kaɗai ba."

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya riƙe ƙafafunta ya sake su. Ta hau bakin ramin, ta juyo, ta ɗaga murya:

"Da rana tsaka zan zo, da ɗalibaina, kowa ya fasa dutse ya gani. Muddin ina riƙe da alli, ba yaron da zai bar ajina bai san an yi teku a nan ba."